Sikida mai waya ko mai damƙa: wacce ta dace da dajin da za ka shiga?

A cikin injinan da kamfanin John Deere ke ƙerawa don aikin katako akwai guda biyu da za ka ce uwa ɗaya ta haife su, wato 640 da 648, dukansu sikida ne, motar da ke jan gumagumai daga inda aka sare su zuwa inda ake tara su. Gabansu iri ɗaya ne: manyan tayoyi huɗu masu kusan tsayin mutum, garma a goshi, da ƙugu mai lanƙwasa a tsakiya wanda da shi motar ke juyawa, ba da tayoyin gaba ba. Sai ka zaga ta baya za ka ga inda suka rabu. Ta farko winci ne da ita, wayar ƙarfe a naɗe jikin ganga, ta hau ta bi tsakanin rololi ta sauko ƙasa. Ta biyu kuwa ƙaton muƙamuƙi ne na ƙarfe a rataye, yana buɗewa ya damƙi gumagumai ya ɗaga kawunansu. Ko Tigercat mutum zai saya, ko tsohuwar Timberjack, ko Caterpillar ta hannu, a nan zai tsaya ya yanke shawara: mai waya ko mai damƙa.

Yawancin masu tambayata sauri suke nema, wacce ce za ta fi fitar da itace kafin rana ta faɗi. Na yi shekaru a kurmin gabashin Kamaru, na fara da jan waya kafin na hau kujera, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne kowace ɗaya daga cikin injinan nan akwai wanda take jefawa cikin haɗari. Mai damƙa tana ɓoye mutum a cikin ɗakin ƙarfe, amma dole motar da kanta ta je har gindin kowane gungume, ko ina ya faɗi. Mai waya tana barin motar a wuri mai kyau, amma sai wani ɗan Adam ya sauka da ƙafafunsa ya ja waya zuwa inda motar ta ƙi zuwa. Ƙasar da za ka yi aiki a kanta ce za ta nuna maka wanne daga cikin haɗarin biyu za ka iya tsarewa.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa maganar ba ta da tsawo. A kudancin ƙasar Amurka, jihohi irin su Jojiya da Alabama inda ake shuka itatuwan fain layi-layi kamar dawa, mai damƙa ta cinye kasuwa tuntuni. Wani inji ne ke shiga gaba, ya yanke bishiyoyi ya ajiye su dami-dami, kawunansu wuri ɗaya. Sikida ta zo da baya, ta sauke muƙamuƙi, ta kwashe damin, ta kama hanya. Direba bai sauka ba, babu kowa a ƙasa, babu wayar da za ta tsinke. A ƙasar da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta sha sanya aikin sare itace a sahun gaba na sana'o'in da suka fi cin rayuka, raba mutum da gindin bishiya ba ƙaramin abu ba ne. Idan gonar malaina ko ta tik gare ka a fili, itatuwa masu kauri kusan ɗaya, kusa da juna, kuma kana da hanyar tara su kafin sikida ta iso, kada ka wahalar da kanka. Mai damƙa ce taka.

Sai dai fili ma yana da nasa. Inda babu tudu ƙafar direba kan yi nauyi a kan totur, kuma mai damƙa tana yawan tafiya da baya, abin da ke sa wuyan mutum ciwo ya fara kasala wajen waiwaye. Shi ya sa sababbin injinan Tigercat da John Deere ke zuwa da kujera mai juyawa. Wurin da na fi jin tsoro a fili shi ne dandalin tara gumagumai, inda mai awo, mai zarto, direban tirela da mai kawo abinci duk suke cakuɗe. Gungume mai tsawon mita goma sha biyar idan sikida ta sha kwana da shi, wutsiyarsa share fili take yi kamar tsintsiya, kuma direba ba ya ganin wutsiyar. Sannan ga taɓo. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sau da yawa ƙasar da ruwa ke kwanciya ce. Inji mai nauyin tan goma sha biyar zuwa ashirin da ɗoriya, da kaya rataye a bayansa, idan ya bi jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya tona ramuka har gwiwa, kuma mafi yawan danne ƙasar da yake yi a zuwan farko-farko ne, ba sai ya yi sawu ɗari ba. A nan mai waya tana da wata dabara da 'yar'uwarta ba ta da ita: direba ya saki winci, kayan su zauna inda suke, mota ta tsallake taɓon ba kaya, ta tsaya a busasshen wuri, sannan ta jawo kayan. Mai damƙa idan ta saki kayanta, sai ta sake komawa cikin taɓon ta ɗauko.

Gangare ne inda ya kamata mai saye ya zauna ya yi lissafi da kyau, kuma kafin komai a fahimci yadda ake auna shi, domin na ga mutane da yawa suna rikita kashi cikin ɗari da digiri. Idan aka ce gangaren wuri kashi 35 cikin 100 ne, ana nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ƙasa ta tashi mita 35. Wannan digiri 19 ne da 'yan kai. Kashi 40 kusan digiri 22 ne, kashi 50 kusan digiri 27, kashi 100 kuwa digiri 45. A ido, digiri 19 ba ya ba da tsoro, yaro ma zai hau shi da gudu. Amma a lardin Birtish Kolombiya na ƙasar Kanada, inda duwatsu da katako suka haɗu, dokar kiyaye lafiyar ma'aikata ta tsayar da sikida mai tayar roba a kashi 35, mai sarƙa irin katafila a kashi 40, injin da aka ƙera musamman don tudu a kashi 50, matuƙar ba a san iyakar da masu ƙera injin suka yanke ba. Wanda zai wuce haka sai wani masani ya duba wurin ya rubuta yadda za a yi aikin. Ƙa'idojin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1996 ma sun fi wannan tsauri, sun ba da shawarar a guji jan gumagumai a ƙasa inda gangare ya wuce kusan kashi 30, sai fa a ɗan gajeren zango.

Me ya sa iyakar ta yi ƙasa haka ga inji mai ƙarfi irin wannan? Ƙarfin hawa ba shi ne matsalar ba. Sikida za ta hau abin da zai ba ka mamaki. Kifewa ta gefe ita ce ke kashe mutane. Ka ɗauka tsakanin tayar dama da ta hagu mita biyu da rabi ne. Kana ratsa gangare mai digiri 19 ta gefe, sai tayar baya da ke ɓangaren tudu ta taka kututture mai tsayin santimita 40 da ciyawa ta rufe. Nan take motar ta ƙara karkata da kusan digiri tara. Idan a daidai lokacin tayar ɓangaren kwari ta faɗa rami, ko ka lanƙwasa ƙugun motar don ka juya, nauyin ya fita daga tsakanin tayoyi ke nan. Inji mai lanƙwasa a tsakiya ya fi rauni a lokacin da yake a lanƙwashe. Mai damƙa ta fi shiga wannan hali, don muƙamuƙin da hannunsa nauyi ne a sama kuma a baya, kayan da ta ɗaga suna ƙara ɗaga nauyin, sannan ita ba ta da zaɓi: gungume yana gefen tudu, dole ta je gefen tudu, ta juya, ta saita bayanta da shi. Juyawar nan a kan gangare ita ce abin da kowane tsohon direba zai hana ka.

Mai waya ba ta bukatar wannan juyi. Tana tsayawa a kan hanyar da aka riga aka shata, ko a kan doron tudu, a kafa garma a ƙasa, a ja birki, a miƙa waya mita ashirin ko talatin zuwa inda gungumen yake, a zarge shi, a jawo. Shi ya sa har yau a duwatsun Afalashiya na gabashin Amurka, inda ake tsintar manyan itatuwa ɗai-ɗai a cikin kwazazzabai, ba a rabu da ita ba. Haka ma a kurmin tsakiyar Afirka. A wajejen Yokaduma da Lomiye na gabashin Kamaru ba a share daji, bishiya ɗaya ko biyu ake cirewa a hekta guda, sapeli ko ayus ko tali ko iroko, kuma gungume ɗaya kan kai tan da yawa shi kaɗai. Babu dami da za a kwasa. Sau da yawa ma buldoza ce ke fara buɗe hanya ta fito da gungumen daga gindinsa, sikida ta karɓa ta kai dandali. Wanda zai yi aiki irin wannan, a Kamaru ne ko a yammacin Gana ko a tuddan Kuros Riba, idan ya sayi mai damƙa zalla ya sayi injin wata ƙasa daban.

To amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka winci ba ya kifar da mota. Yana kifarwa, a fili ma. Wayar tana fita ne daga sama, to idan gungumen yana can gefe ba a saitin bayan motar ba, kuma ya maƙale a kututture, wincin ba zai tsaya ba, motar zai jawo ta gefe. A saita bayan mota da kayan gwargwadon iko kafin a fara ja. In tayar gaba ta fara ɗagawa ko mota ta fara karkata, a saki winci nan take, a sauka a duba abin da ya riƙe.

Yanzu ga mutumin ƙasa, wanda saboda shi ne na ƙi yarda a ce mai waya ta fi aminci kai tsaye. Wata rana da damina muna aiki a gefen wani kwari, ni ne ke zarge. Gungumen tali ne, ya kwanta a gicciye da gangaren. Na bi ta ƙasansa don nan ne ramin da zan cusa zarge ya fi faɗi, na durƙusa ina tura hannu. Sai na ji muryar maigidana daga sama, dattijo ne da ya kusa shekara talatin a kan inji, ya kashe mota ya miƙe yana kiran, "Kai yaro, fito ta sama! Fito ta sama na ce!" Na zagayo ina ƙunƙuni a raina. Da ya ɗan taɓa winci, wayar ba ta ma gama miƙewa ba, gungumen ya mirgina sau ɗaya da rabi ya danne daidai inda gwiwoyina suka bar shaida a laka. Da ya sauko bai yi mini faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni wurin, ya ce, "Duba nan da kyau, ɗana." Daga baya na tarar abin da ya koya mini a rubuce yake a dokar aikin katako ta hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka (OSHA), wadda ta fara aiki a 1995: a ɗaura zarge kuma a kwance shi daga ɓangaren tudu ko daga kan gungumen, sai dai in an tokare shi yadda ba zai motsa ba. Dokar nan ce kuma ta ce a bar tazarar tsayin bishiya biyu tsakanin mai sara da sauran ma'aikata, kuma kada a ja waya sai direba ya ga alama ya fahimce ta.

Abubuwan da ke jiran mai zarge suna da yawa. Akwai cikin lanƙwasar waya, wato inda ta zagaya kututture ko bishiya ta yi kwana. In abin da ta zagaya ya karye, wayar miƙewa take yi kamar bulala, duk wanda ke ciki ya tafi. Akwai ƙananan itatuwa da babbar bishiya ta danne suka tanƙware kamar baka, suna jiran a ɗauke musu nauyi. Akwai busassun rassa da suka maƙale a sama, waɗanda igiyoyin kurmi ke jijjigowa idan an ja gungume. Akwai silin wayar da suka tsinke suna tsaye kamar ƙaya, shi ya sa ba a taɓa ta ba safar hannu ta fata, ba a kuma bari ta zame a cikin tafi. Ga gajiya, domin jan wayar ƙarfe zuwa saman tudu sau talatin a yini yana cinye mutum, kuma gajiyayye shi ke yanke hanya ya bi ta ƙasan gungume. Igiyar roba mai ƙarfi da ake sa wa winci yanzu ta rage wannan wahala sosai, nauyinta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin bakwai na wayar ƙarfe mai kaurinta ba, sai dai tana da tsada kuma duwatsu masu kaifi na cin ta. Idan ka zaɓi mai waya, ka sani cewa hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, riga mai ɗaukar ido, usur ko rediyo, da alamun hannu da kowa ya haddace, duk suna cikin kuɗin injin. Wanda ba zai iya saya wa yaronsa waɗannan ba bai shirya mallakar mai waya ba.

Wasu ƙa'idojin gangare kuwa ba ruwansu da irin injin da ka hau. A hau tudu a miƙe, a sauko a miƙe. A sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa, kada a canza a tsakiya, kada a saki mota ba giya. Garma ta kasance ƙasa-ƙasa yadda za a iya kafa ta in birki ya ƙi. Kayan su matso jikin bayan mota sosai, domin gungumen da aka bari da doguwar waya yana iya fin motar gudu, ya zo ya daki taya ko ya wuce ta gefe ya juya ta. A nan mai damƙa tana da nata amfani, riƙonta ya fi tsauri, kuma direba na iya sauke kayan su ja ƙasa su zame masa birki. In kaya sun yi nauyi a hawa, mai waya ta sake su ta hau ta jawo. Bel ɗin kujera kuma a ɗaure. Na san direbobi da ke cewa gara su bar shi a kwance don su yi tsalle in mota za ta kife. Ba a tsere wa tan goma sha takwas a kan gangare. Ɗakin direban an ƙera shi ne ya ɗauki nauyin motar in ta kife, ya kuma tare abin da zai faɗo daga sama, amma wanda ke cikinsa kaɗai yake karewa.

Ta fuskar aljihu, mai damƙa ta fi tsada a saye, ta fi yawan tiyo da silinda da famfon mai, kuma tiyo ɗaya in ya fashe a dajin da ke nesa da gari aiki ya tsaya har a kawo wani. A madadin haka tana ɗauke maka albashin mai zarge, tana kuma yin sawu da yawa. Mai waya ta fi sauƙin gyara, kowane bakanike da ya san katafila zai iya buɗe wincinta, amma waya da zarge kayan ƙarewa ne, kullum ana saye. Batun kayan gyara ma a bincika kafin a biya kuɗi. John Deere ya sayi Timberjack tun 2000, Caterpillar kuma ya sayar da sashensa na injinan daji ga kamfanin Weiler a 2019, saboda haka sunan da ke jikin tsohuwar mota ba lallai shi ne ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Idan dajinka gauraye ne, fili a nan tudu a can, abin da ni zan saya shi ne mai damƙa wadda aka ɗora wa winci, domin ana yin su haka. A fili ta yi aikinta na sauri, a bakin gangare ta tsaya ta miƙa waya. Sharaɗin shi ne direba ya yarda ya sauka ya yi amfani da wayar, kada ƙyuya ta sa shi ya ce bari ya ɗan leƙa da motar. In kuɗi bai kai nan ba, kuma akwai tudu ko manyan itatuwa a warwatse, a ɗauki mai waya. Kada a yi awo da matsakaicin gangaren dajin, a yi da wurin da ya fi muni a hanyar da motar za ta bi, a kuma auna shi da ma'auni bayan an taka shi da ƙafa, ba daga cikin mota ba. Ƙasar da ta ɗauki inji da rani ba ita ce ƙasar ba bayan ruwan kwana biyu. Inda awo ya wuce kashi 35 kuma waya ba za ta kai ba daga wuri mai kyau, an fita daga hurumin tayar roba gaba ɗaya. Sai mai sarƙa, ko tsarin da ake rataya gumagumai a waya ta sama kamar yadda ake yi a duwatsun Ostiriya da arewa maso yammacin Amurka, ko injin da ake ɗaure wa waya daga saman tudu irin wanda ya yaɗu daga Niyu Zilan. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a bar bishiyar a tsaye.

Tunda yawancinmu ta hannu muke saye, ranar da ka je duba mota kada ƙarar inji ta ɗauke maka hankali. Fara da ɗakin direba. In ka ga an yanke ginshiƙansa an sake walda, ko an huda su an ɗaura wani abu, ko sun lanƙwashe alamar ta taɓa kifewa, ƙarfinsu ya tafi ko da fenti ya rufe. Duba ragar ƙarfe ta gefe da ta baya, ita ce ke tare sandar da kan soko cikin ɗaki kamar mashi. Ja bel ɗin da ƙarfi ka ga ko yana riƙewa. Sa a ɗaga gaban motar da garma ka ga ko fil ɗin ƙugu yana wasa. Buɗe farantan ƙasa ka ga ganye da mai nawa suka taru kusa da inji, don daga nan gobara ke tashi. Warware wayar winci duka ka bi ta da ido, ka tabbata in an miƙa ta iyakarta akwai aƙalla zagaye uku da suka rage a ganga. Sannan ka kai motar kan ɗan tudu, ka ja birkin ajiye mota, ka ɗaga garma, ka zauna a ciki da bel a ɗaure na minti biyar ka ga ko za ta motsa.